Wayar USB zuwa siriyal mai cip ɗin FTDI: abin da take iyawa da inda ta gaza

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu injinan casar shinkafa da ɗakunan gwaje-gwaje a Gombe suke ta sauya kwamfuta. Matsalar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce. Sikelin awon mota ko na'urar auna zafi da laima tana nan garau, amma bakinta tsohon yayi ne, RS-232 mai haƙora tara da ake kira siriyal, sabuwar kwamfutar kuwa ba ta da wajen cusa shi. Abin da ke haɗa su wata 'yar waya ce, USB a gefe ɗaya, siriyal a ɗaya gefen. Mai cip ɗin FT232R na kamfanin FTDI ita ce ta cancanci kuɗinta, duk da ta fi sauran tsada.

A ido duk wayoyin kama ɗaya suke, bambancin yana cikin cip. Da yawa daga masu arahar suna ɗauke da kwaikwayon tsohon PL2303, cip ɗin da kamfanin Prolific ya daina yi tun 2012, kuma sabon direban kamfanin, wato manhajar da ke sa Windows ya gane wayar, ba ya karɓarsa. Kana cusawa sai ka tarar da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a Device Manager, shafin Windows mai jera na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, ko saƙon cewa an daina amfani da cip ɗin. Wasu masu gyara kan ɗora tsohon direba, ya yi aiki kwana biyu, Windows ya sabunta kansa cikin dare, da safe tirela na kan sikeli ba a ganin nauyi. Wannan ba aiki ba ne. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya cusa ta a kwamfutarsa, ka duba lambar shaidar na'urar. FTDI 0403 ce, Prolific 067B, wani cip mai suna CH340 kuma 1A86. Jabu ma yana kwafar lamba, saboda haka a saya inda za a iya mayarwa.

Direban FTDI yana da sa hannun da Windows 11 ke nema, yakan sauko da kansa in akwai intanet. Sannan kowace waya tana da lambarta ta daban, don haka ko an sauya mata rami lambar COM ɗinta, wato sunan da Windows ke ba ta domin manhaja ta same ta, ba ta canzawa. Wanda ya taɓa fama da manhajar da ke ɓata duk ranar da mai shara ya zare waya ya san darajar wannan.

Sai dai fa sai an saita ta. Tsofaffin manhajoji da yawa ba sa ganin abin da ya wuce COM4, Windows kuwa yana iya ba ta COM9. A buɗe wayar a Device Manager, a shiga Port Settings, sai Advanced, a mayar da ita lambar da tsohuwar kwamfutar ke amfani da ita. A wannan shafin akwai Latency Timer, lokacin da cip ke jira kafin ya miƙa wa kwamfuta saƙo, wanda ke zuwa a kan milisakan 16. Na'urar da ake tambaya tana amsawa da gajerun saƙonni takan yi nawa da wannan jinkirin, a sauke shi zuwa 1 ko 2. A cire alamar da ke bai wa kwamfuta damar kashe USB don tattalin wuta, in ba haka ba rikodin dare zai yanke. Gudun sadarwa (baud rate) galibi 9600 ne, amma kada a yi cinta, a kwafo shi daga tsohuwar kwamfutar tun ba a kwance ta ba.

Gwajinta minti biyu ne. A lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda a haɗa haƙori na 2 da na 3, a buɗe PuTTY, manhajar aika rubutu ta siriyal, a buga harafi. Idan ya dawo kan allo, wayar lafiya lau take. In har na'urar ta ci gaba da yin shiru, wataƙila kebul mai giciye take so, wanda aka musanya 2 da 3 a cikinsa. Idan ɗakin awo na da nisa, ɓangaren siriyal ake ƙara wa tsawo, yana kaiwa kamar mita 15, USB kuwa iyakarsa mita 5.

Rauninta babba shi ne ba ta raba wutar ɓangarorin biyu. Inda sikeli ke kan janareta, kwamfuta kan inbata, ga wayar ƙasa ba ta da kyau, bambancin wuta yana bi ta haƙori na 5, wanda shi ne na wayar ƙasa, ya ƙona cip. A irin wannan wuri, musamman da damina lokacin tsawa, a nemi mai katangar wuta a ciki.

Kuma kada mai shago ya ce maka tana maganin komai. Tsohuwar manhaja mai bit 16 ba ta tashi a Windows 11, sai dai a girka Windows XP cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wani Windows a cikin wani, a miƙa masa wayar. Katin awo na PCI na kamfanin National Instruments, wanda ake cusawa cikin kwamfuta kuma yake aiki da tsohon direban Traditional NI-DAQ, ba ruwansa da wannan wayar. Wannan sai an duba ko sabon direban kamfanin, NI-DAQmx, ya san katin, a sake rubuta manhajar, ko kuma a bar shi cikin tsohuwar kwamfutarsa, a zare ta daga intanet, a kwafi faifanta a ajiye.