Wata shida ina biyan kuɗin shafin binciken asali

Surukata Baturiya ce, kakanninta manoma ne a wani ƙaramin ƙauye a yankin Norfolk na Ingila, kuma saboda ita na yi rajista da ɗaya daga cikin shafukan nan na binciken asali da ake biya duk wata. Da farko aikin ya tafi sumul. Ƙidayar 1851 ta nuna mana garin da aka haifi kowa, muka bi zuriyar baya har muka wuce 1837, shekarar da gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Daga nan sai littattafan cocin ƙauyen, waɗanda tun 1538 aka umarci limaman coci su riƙa rubutawa.

A nan ne raina ya ɓaci. Na tarar da wani yaro na gidan wanda shafin ya ce an yi masa baftisma a watan Disamba, amma an binne shi a watan Fabrairu na wannan shekarar, wato an binne shi wata goma kafin a sa masa suna ke nan. Na tabbata masu kwafar rubutun ne suka yi sakaci, har na aika musu da ƙorafi mai zafi, na kuma gaya wa surukata cewa kuɗinmu ya tafi a banza.

Sai da muka je ma'ajiyar tarihi da ke Norwich, babban birnin yankin Norfolk, wata ma'aikaciya ta warware mini cikin ladabi. Kafin 1752, a ranar 25 ga Maris sabuwar shekara take kamawa a Ingila, don haka Fabrairu yana zuwa ne bayan Disamba a cikin shekara guda. Yaron wata biyu kacal ya yi a duniya. Kunya ta kama ni, domin abin da ke cikin littafin cocin shi suka kwafa, ba su ƙara ba, ba su rage ba.

To amma da na dawo gida na sake tunani, sai na ga laifin bai bar su gaba ɗaya ba. Wanda yake karɓar kuɗinka duk wata, me zai hana shi sa layi ɗaya na gargaɗi a ƙarƙashin irin wannan kwanan wata? Haka ma ƙidayar 1841, wadda a cikinta ake rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 34 ya koma 30. Kwana uku na ɓata ina neman mutumin da ba shi ba ne. Ƙorafina kuwa har yau ba a amsa shi ba, ga shi sun sake cire kuɗin wata na bakwai bayan na ɗauka na soke rajistar. Daga baya na samu yawancin bayanan cocin ƙauyen a wani shafi mai suna FreeREG, inda 'yan sa-kai suka kwafe su kyauta, kuma can nake ci gaba da aikin yanzu.