Raket ɗin Fukuhara Ai Pro ZLF, na mai wasa a bakin tebur

Kamfanin Butterfly na ƙasar Japan ya saba sa sunayen fitattun 'yan ƙwallon tebur a jikin katakon raket ɗinsa, kuma Fukuhara Ai Pro ZLF yana ɗauke da sunan Ai Fukuhara, 'yar birnin Sendai da aka haifa a 1988, wadda ta fara wasa tana da shekara 3, ta je gasar Olamfik ta Atina a 2004 tana da shekara 15, sannan ta yi ritaya a 2018. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san yadda mai sunan take wasa a lokacinta, domin katakon ya ɗauko halinta.

Fukuhara ba mai tsayi ba ce, kuma ba da ƙarfin damtse ta yi suna ba. Tana manne wa tebur, ta tari ƙwallo tun tana tasowa, musamman da bayan hannu inda take amfani da roba mai ƙuraje (wato mai ƙananan tsinaye a fuskarta maimakon santsi), ta yadda abokiyar karawa ba ta samun sararin gyara tsayuwa. Da wannan salon ta taimaka wa tawagar matan Japan ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Landan a 2012 tare da Kasumi Ishikawa da Sayaka Hirano, sannan tagulla a Rio a 2016.

An yi katakon da falle biyar na itace da falle biyu na zaren roba mai ƙarfi da ake kira Zylon, babu zaren kabon da ke ƙara wa katako tauri a ciki, kuma rashin kabon ɗin nan shi ne abin da hannu yake fara ji. Idan ƙwallo ta sauka, ba ta fallatsa nan take. Tana ɗan zama a kan roba, bugun ya ratso mariƙi har cikin tafin hannu, sai mai wasa ya san inda ta taɓa tun kafin idonsa ya gaya masa. A wajen tare bugu mai ƙarfi kuwa, ban ga abin kushewa ba, domin da zarar an karkata fuskar raket kaɗan, ƙwallon tana komawa ƙasa-ƙasa, dab da raga, zuwa kusurwar da aka nufa. Haka kuma gajeren bugu na mayar da sabis yana fita da tsabta, kuma murza ƙwallo daga kusa ba ya buƙatar dogon lilon hannu.

Rauninsa yana bayyana ne idan aka ja da baya. Wanda ya saba tsayawa nesa da tebur yana zabga ƙwallo zai ga cewa sai ya ƙara ƙarfi daga ƙugu da kafaɗa kafin bugunsa ya yi nauyi, balle yanzu da ƙwallon filastik da aka koma amfani da ita tun 2014 ta rage juyawa. Ko ita Fukuhara, wadda ta kai wasan neman tagulla na 'yan ɗai-ɗai a Rio, ta sha wahala a hannun Kim Song-i ta Koriya ta Arewa, mai tsayawa nesa tana yanko ƙwallo, har ta ƙare a matsayi na 4.

Akwai kuma batun kuɗi. Katako kawai ake sayarwa, sai mutum ya sayi roba biyu da gam daban, kuma kayan Butterfly suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, saboda haka farashin da ya yi arha fiye da kima abin zargi ne. Ban ba sabon shiga shawarar sayensa ba, tunda katakon itace zalla zai koya masa hannu da kuɗi kaɗan. Amma ɗan wasan da ya riga ya iya tarewa, wanda saurin hannu ne makaminsa, zai ci moriyarsa sosai, musamman idan ya sa roba mai ƙuraje a bayan hannu.