Sharhi: keke mai naɗewa, mai taya inci 20, bayan wata shida ana hawa

Keken na gwanjo ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Japan: giya 6, nauyi wajen kilo 13. A ganina ya dace da mai zuwa aiki a cikin gari, tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 ba, a kan kwalta. Ana naɗe shi cikin ƙasa da minti ɗaya, ya shiga Adaidaita Sahu ko but ɗin mota, ya kwana a bayan ƙofa. Ɓarawo ba ya ganinsa, balle ya yi sha'awa.

Amma kafin ka biya kuɗi, duba gefen taya. Inci 20 iri biyu ne, akwai mai lamba 406, akwai mai 451, kuma tayar wannan ba ta hawa wilin wancan. Ɗauki mai 406, domin girmansa ɗaya da na kekunan yara da yawa, ba za ka sha wahalar neman taya da tub ba. Bawul ɗin tayar wannan keken kuwa irin na tsofaffin kekuna ne, mai 'yar roba a ciki. Zafin rana yana cinye robar, iska ta riƙa zurarewa, mutum ya zaci faci ne. Canja robar tukuna.

Inda ya fi buƙatar ido shi ne maɗaurin tsakiya, wurin da ƙarfen yake naɗewa. Ƙurar hunturu tana shiga, sai ka ji ƙas-ƙas duk lokacin da ka taka feda. A goge shi duk mako, a ɗan shafa giris, a ƙara matse notin kaɗan-kaɗan har hannun maɗaurin ya riƙa rufuwa da ɗan ƙarfi. Idan aka bar shi yana girgiza, ramin maɗaurin ne zai buɗe, wannan kuwa gyaransa sai an sha wuya. Haka sandar sirdi: tana da layin da aka zana, kada a ja ta ta wuce shi.

Ƙaramar taya tana da saurin tashi, abin daɗi a cunkoso. Sai dai ba ta yafe rami, yashi kuma kama ta yake yi nan take. Tana kuma saurin cinyewa, tunda kewaye ɗaya mita ɗaya da rabi ne, na babban keke kuwa ya haura mita biyu. Abin canja giya ma yana dab da ƙasa, yana kwasar ƙasa ya zuba wa kaca. A wanke kacar da kananzir, ta bushe, a ɗiga mai mara kauri, a goge sauran da tsumma. Baƙin mai ƙura kawai yake tarawa.

Mai ɗaukar buhu ko goyon mutum a kariyar baya, ya nemi babban keke mai taya inci 28.