Yini guda a jirgin ruwa daga Palau zuwa tsibiran La Maddalena

Ni da mai ɗakina mun yi kwana biyar a arewa maso gabashin tsibirin Sardiniya na Italiya a watan Satumba. A Olbia muka sauka, muka kama ɗaki a Palau, don otal-otal ɗin Porto Cervo, garin shaƙatawa na bakin teku da ke yankin, ba na mai jiran albashi ba ne. Mun dai leƙa mun ba ido abinci. Wurin tun asali na masu hannu da shuni ne, Aga Khan na huɗu, attajirin shugaban mabiya Isma'iliyya, da abokansa suka kafa shi a 1962. Jiragen alfarma jere a tasha, kantuna sai ƙyalli. Awa biyu suka ishe mu.

Inda kuɗinmu ya yi rana shi ne jirgin ruwa mai tafiya da iska da muka shiga, mu goma sha biyu. Muna fita daga tasha matuƙin ya kashe inji, aka ɗaga ƙaton ƙyallen nan, sai wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa na dukan gefen jirgi. A Cala Corsara da ke tsibirin Spargi aka tsaya. Ruwan garai-garai, har inuwar jirgin kana hangowa a kan yashin ƙasa. Ni da ban iya iyo ba sai da na sa rigar kariya na sauka, na maƙale wa tsani kamar jinjiri, uwargida tana ta sheƙa mini dariya.

Gaɓar tsibirin Budelli mai jan yashi da ake ta zuzutawa kuwa, daga nesa kawai ake kallo. An hana takawa saboda ɗibar yashin da baƙi suka riƙa yi, kuma gaskiya jan bai kai na hoto ba. Kada ma mutum ya yi sha'awar tsaraba, ɗibar yashi a Sardiniya tararsa daga Yuro 500 zuwa 3,000 ce.

Abu biyu suka ɓata mini rai. Tun wajen biyan kuɗi na faɗa musu ba ma cin naman alade, amma da rana sai ga shi an jero shi a faranti ɗaya da cuku da burodinsu mai ƙaras-ƙaras, pane carasau. Sun ba da haƙuri, suka dafa mana taliya da kifi, ta kuwa yi daɗi. Na biyu, bayan azahar iskar maestrale, mai ƙarfi da ke kaɗawa daga arewa maso yamma, ta taso, aka fasa zuwa tsibirin Caprera inda Garibaldi, jarumin haɗa kan Italiya, ya rasu a 1882, alhali ita na fi ɗoki. Wannan ba laifin matuƙi ba ne, amma da sun gaya mana tun da safe.

Zan sake shiga. Mai niyya ya riƙe hula da maganin jiri, ya kuma maimaita maganar abinci ga mai girkin da kansa kafin jirgi ya tashi.