Kundin da Ɗan China Ya Ciro Min Daga Ƙarƙashin Tebur

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Shekara tara ke nan ina aikin gyaran lilo a wani wurin shaƙatawa a kudancin Jamus. Lilon da nake nufi shi ne irin jirgin nan mai gudu a kan dogo, wanda yake hawa sama ya gangaro ya wuntsila da mutane, da masu majaujawa, da masu cilla mutum sama su sauko da shi. Ni da abokan aikina muke duba su kullum da asuba kafin a buɗe ƙofa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani abu ne da ya same ni a Amsterdam a watan Satumba na 2024, wanda har yanzu bai bar zuciyata ba.

Duk shekara ƙungiyar masu wuraren shaƙatawa ta duniya, IAAPA, tana yin baje koli. Babban a Orlando ta Amurka ake yinsa a watan Nuwamba, na Turai kuwa yawo yake yi daga gari zuwa gari. A shekarar ya faɗo Amsterdam, maigidana na wurin aiki ya ce in raka shi. Kafin in tafi, Yayana da ke Kano ya turo min saƙon murya. Ya samu fili yana son buɗe wurin wasan yara, ya ce in tambayo masa farashi wajen 'yan China, tunda ya ji su ne masu sauƙi.

Da safe muka tsaya a rumfar wani kamfanin China, ba ɗaya daga cikin manyansu ba. Ina sanye da katin wurin aikina a wuya. Saurayin da ke rumfar ya tarbe mu da shayi, ya jawo wani kundi mai kauri ya buɗe. Maigidana bai tambayi kuɗi ba ko sau ɗaya. Tambayarsa ita ce, daga wace masana'anta ƙarfen ya fito, ina takardarsa? Masu walda suna da shaidar ƙwarewa? Wa ya yi lissafin shekarun da ƙarfen zai jure kafin ya gaji ya fara tsagewa? Wace hukuma ce ta waje ta duba lissafin? Idan tayar jirgi ta lalace ranar Juma'a a tsakiyar hutun 'yan makaranta, kwana nawa kafin sabuwa ta iso? Wallahi yaron nan ya burge ni. Kusan awa ɗaya yana amsawa, inda bai sani ba ya ce bai sani ba, ya kira injiniyansu ta waya. Maigidana ya karɓi kati ya yi godiya. Da muka matsa ya ce min aikinsu ya yi kyau sosai, amma shi ba zai zama na farkon saye ba, sai ya ga lilonsu ya yi shekara goma yana juyawa a wani wuri a Turai.

Bayan azahar na koma ni kaɗai da saƙon Yaya. Na ce masa wannan karon ba don Jamus ba ne, don Najeriya ne. Fuskarsa ta saki, ya ce ai suna da abokan ciniki da yawa a Afirka. Sai ya ture kundin nan mai kauri gefe, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ciro wani siriri mai hotuna kala-kala. Lilo iri ɗaya da wanda muka gani da safe, fenti ɗaya, dawakai ɗaya, amma kuɗin ya faɗo ƙasa warwas. Na ce mene ne bambancin? Bai ɓoye min komai ba. Ƙarfen bai kai wancan kauri ba, injin ƙarami ne, babu wata hukumar waje da za ta duba shi, kuma ba ya zuwa da littafin gyara. Na ce to in ni ina son wancan na safe fa? Ya ce zai sayar min da farin ciki, sai dai mutanenmu ba sa tambayar takarda. Farashi suke tambaya, sai yawan fitilu.

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Da safe ni injiniyan Jamus ne a idonsa, da rana na koma wanda ake ciro wa kaya daga ƙarƙashin tebur, alhali mutum ɗaya ne, riga ɗaya. Na so in yi masa faɗa, amma da wane baki? Saƙon Yaya yana cikin wayata a aljihu, kuma abin da ya ce ke nan: ka samo mana mafi arha, amma mai fitilu sosai, yara suna son fitila. Yaron bai zage ni ba, bai yi ƙarya ba. Halinmu ya karanta min. Na fita na zauna a bakin wata magudanar ruwa na daɗe ban koma ciki ba.

Mu a gida idan an ce ɗan China, abin da ke zuwa ranmu shi ne kayan da ba ya ƙarko. Nan na gane cewa ɗan China kala-kala ne, kuma mai saye ne yake zaɓar kalar da za a ƙera masa. Ku dubi wahalar da suke sha don su shiga kasuwar Turawa. Kasuwar nan tsofaffin gidaje ne suka riƙe ta. Mack na garin Waldkirch a nan Jamus tun 1780 suke sana'a, da kekunan doki suka fara, kuma iyalin ne suka buɗe wurin shaƙatawa na Europa-Park a 1975, inda suke gwada kayansu a kan idon kowa. Akwai Bolliger & Mabillard a Suwizalan, akwai Intamin, akwai Zamperla a Italiya, akwai Vekoma a Holan wanda wani kamfanin Japan, Sansei, ya saya a 2018. Mai wurin shaƙatawa ya san waɗannan tun zamanin ubansa. Idan ya sayi jirgi, shekara talatin yake sa ran zai yi da shi, don haka aure ne yake ɗaurawa da maƙerin. Baƙon da ya zo jiya sai ya yi haƙuri.

Sannan suna ɗauke da tabon baya. Shekaru da dama maƙeran China sun yi ta kwaikwayon lilon Turawa, har Zamperla ya kai wasu ƙara kotu a jihar Florida, ciki har da Golden Horse na garin Zhongshan. Duk wanda ya ga yadda atamfar kwaikwayo ta cika Kantin Kwari ya san irin wannan ciwon. To wannan Golden Horse ɗin shi ne yau ake kira Jinma Rides. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Shenzhen a 2018, ya buɗe reshe a Suwizalan da sunan Noble Rides don ya matso kusa da masu saye. Da aka buɗe wurin shaƙatawa na kamfanin Amurka Universal a Beijing a 2021, babban jirgin mai wuntsilawa na Bolliger & Mabillard ne, amma ƙaramin na yara Jinma ne ya ƙera. Wani zai ce ai ƙarami ne. Ni da nake cikin sana'ar na san cewa Amurkawan nan ba sa barin ko ƙusa ɗaya ta shiga wurinsu sai sun bi diddiginta. Ta ƙananan ake shiga. Haka babur ɗin Jincheng ya shigo mana muna raina shi, haka Tecno ta shigo.

Babban shingen da ke gabansu shi ne takarda. A Turai akwai ƙa'idar ingancin lilo da ake kira EN 13814, a Amurka akwai ta ASTM, kuma a Jamus sai masu bincike irin su TÜV sun sa hannu. Asalin TÜV ɗin ma daga hatsari ne. Tukunyar tururi ta fashe a wata masana'anta a Mannheim a 1865, shekara ta zagayo masu masana'antu suka kafa ƙungiyar duba tukwane. Yau ko lilon da ake yawo da shi a mota daga bikin gari zuwa bikin gari yana da littafinsa, kuma duk inda aka kafa shi sai jami'i ya zo ya duba kafin yaro ya hau. Mu a wurin aikina, idan hunturu ya shigo muka rufe, kwance jiragen muke yi ɗaiɗai. A wanke ƙarfe, a bi walda da na'ura ana neman tsagar da ido ba ya gani. Kafin a buɗe, sai a ɗora gumakan roba cike da ruwa masu nauyin mutum, jirgi ya yi ta zagaye da su. Kowane noti na ɗaure sai na rubuta, na sa hannu da kwanan wata.

Ba zan ce muku abin ba ya gundura ta ba. Akwai ranar da lilo ya yini a rufe saboda takardar wani ƙaramin ƙarfe ba ta iso ba, ƙarfen yana hannuna, lafiyarsa ƙalau, yara suna tsaye a bakin shinge suna kallo. Na ga an auna yarinya da sanda, tsawonta ya gaza da abin da bai kai faɗin yatsa ba, aka mayar da ita tana kuka, ubanta bai ko roƙa ba don ya san ba a roƙo. Kuɗin shiga kuwa, mai iyali sai ya yi tanadi. Kuma Turawan ma ba su fi ƙarfin hatsari ba. A watan Yuni na 2015 a wurin shaƙatawa na Alton Towers a Ingila, jirgi mai ɗauke da mutane ya afka wa wani da ya tsaya babu kowa a ciki, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa, kuma jirgin ƙirar Jamus ne. Da farko na'ura ta tsayar da jirgin mai mutanen, ma'aikata suka sake shi da hannu. Kotu ta ci kamfanin da ke da wurin tarar fam miliyan 5. A China ma mutum shida sun mutu a wani lilo a Shenzhen a 2010. Amma a wuraren nan idan abu ya faru ana buɗe littafi a ga wanda ya sa hannu.

Duk da tsarin nan nasu, ban taɓa ganin farin ciki irin na yawon Sallah a gida ba. Nan mutane suna layi shiru kamar a asibiti. Ina tuna yara da sababbin kaya, 'yan mata da lalle har gwiwar hannu, kowa ya dunƙule barka da Sallarsa a tafin hannu, ƙura, mai ƙanƙara yana kira, mai hoto yana kira. Ranar Sallah nan ina bakin aiki, ina ɗaure wa 'ya'yan wasu bel, zuciyata tana can. Shi ya sa abin yake min zafi. Yaran nan namu da suke kwana suna ƙirga kwanakin Sallah, a kan me muke ɗora su? Na gani da idona a zuwana gida na ƙarshe, a wani wuri da ba zan ambata ba: kujerar yaro biyu an cusa huɗu, bel ya tsinke an maye shi da igiya, hannun lilo ya tsage an kira mai waldan bakin titi ya ɗiga masa wuta aka shafa fenti. Ƙarar da ƙarfen yake yi ta gaya min ya yi watanni bai ga giris ba. Na yi wa yaron da ke kula da shi magana, ya ce Alhaji ai shekara nawa muna yi, Allah yana kiyayewa. Allah yana kiyayewa, gaskiya ne, amma Shi ne Ya ba mu ido da hankali, kuma amanar 'ya'yan mutane aka ba mu. Iyaye ma ba sa tambaya. Uba zai yi cinikin kuɗin tikiti har ya gaji, amma ba zai zagaya ya kalli ƙafar lilon da zai ɗora ɗansa ba. Ban kuma taɓa ganin wani jami'i ya zo da takarda ya ce a tsayar da lilo sai an gyara ba.

Washegari na koma rumfar. Na ce wa yaron ya mayar da siririn kundin inda ya ciro shi, ya ba ni farashin mai kaurin, da littafin gyara da Turanci, da kayan canji na shekara biyu, da sharaɗin cewa injiniyansu zai zo Kano ya kafa ya koya wa yaranmu. Ya dube ni ya ce kuɗin zai hau. Na ce na sani, ya rubuta.

Da na tura wa Yaya, kwana biyu bai amsa ba. Da ya kira sai ya ce, kai ƙanina, Jamus ta shiga kanka, da kuɗin nan ai lilo biyar zan saya, kai kana ce min biyu. Na ce Yaya, a cikin yaran da za su hau akwai naka, akwai nawa idan na kawo su hutu. Muka yi ta ja har cajin wayarsa ya ƙare. Daga baya Hajiyarmu ta sa baki, ya yarda da biyun, amma ya ce fitilun dole a ƙara. Na ce wannan babu laifi. Na riga na nemi hutu a wurin aiki don ranar da kwantena za ta iso, kuma na sayi ma'aunin ɗaure noti guda biyu da kuɗina, ɗaya in yi aiki da shi, ɗaya in bar wa yaron da zai riƙa duba lilon kowace safiya.