Garin kunun Hajiya ta Jekadafari da jinyar Innarmu

Akwai wata Hajiya a Jekadafari, nan cikin Gombe, da ke haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, wanda wasu ke kira tom brown. Masu yaye ne suka fi sayensa. Ni kuwa saboda tsohuwa na nema, Innarmu, wadda santsin banɗaki ya kayar ta karye a kwatangwalo, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, amma Inna ta dawo gida ba ta sha'awar komai. Tuwo loma biyu sai ta ture kwano, nama kuwa babu haƙoran tauna shi. Shayi da burodi kaɗai take karɓa. Zoben azurfar da ke yatsarta ya fara zamewa, damtsenta ya saki. Da muka koma asibiti, ma'aikaciyar da ke ba da shawarar abinci ta yi mana lissafin da ya tayar mini da hankali. Tsoho mai jinya yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa, kullum. Inna kilo 50 ce, ke nan aƙalla giram 60, alhali ƙwai guda giram 6 ne kacal. In jiki bai samu ba, naman kansa yake ci. Sai ƙafar da ake so ta taka ta rasa ƙarfi, ɗinki ya yi jinkirin kamewa, ga gyambon kwanciya yana jira.

Abin da ya sa na yarda da Hajiya, a gabana take aikinta. Geron daga Tudun Hatsi take sayowa, ta wanke, ta rege tsakuwa, ta shanya. Waken suya sai ta cire masa ɓawo ta soya shi har ya yi ja, shi ya sa garinta ba ya ƙarnin ɗanyen wake. Gyaɗa kuma na tarar da ita da faifai a cinya tana tsince wadda ta yi baƙi ko fumfuna, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ruɓaɓɓiyar gyaɗa tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Niƙa biyu take yi, sannan ta tankaɗe da rariya mai laushi, tsoho ya sha ba tare da ya sarƙe ba. Ƙanshin soyayyar gyaɗar nan shi ya fara jawo Inna. Ranar da ta miƙo kofi ta ce a ƙara mata, sai da na yi hawaye.

Haɗin Hajiya mudu biyu na gero ne, ɗaya na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Waken suya fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa furotin ne, gyaɗa wajen ɗaya cikin huɗu, gero kuwa ɗaya cikin goma. Saboda haka kofi guda mai kauri zai ba da kusan giram 10. Na ce mai kauri, don in aka tsinka shi kamar koko, ruwa kawai aka cika wa tsohuwa ciki. Ni ina damawa da kauri in zuba madarar gari, ko kindirmo idan ya huce, saboda ƙashin da ke ɗinkewa yana son sinadarin kalsiyam da ke cikin nono.

Kada dai a ɗora wa garin abin da ba zai iya ba. Kofi biyu a rana sulusin bukatar Inna ne kawai. Sauran daga dafaffen ƙwai muke cikewa, da alale, da awara, da faten wake, da miyar kuka mai dakakken busasshen kifi, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Da hantsi mu fito da ita tsakar gida ta sha rana. Mai gashin ƙashi da ke zuwa gida shi ya fara lura cewa tana daɗewa a tsaye riƙe da ƙarfen tafiya, ba ta saurin cewa a zaunar da ita.

Inda nake da ƙorafi, garin da Hajiya take ƙullawa ta ajiye akwai sukari da dabino a ciki, kuma ba ta faɗa sai an tambaya. Tsofaffinmu da yawa suna da ciwon suga. Ga shi a farar leda yake zuwa, babu ranar da aka yi shi, babu abin da ke ciki. Gari ne mai maiƙo, a zafin Gombe na Maris da Afrilu ba ya daɗewa yake soma warin tsohon mai. Na faɗa mata, ta karɓa da fara'a, ta ce in sha Allahu za ta gyara, amma har yanzu ledar ce.

Kuɗin garin bai kama ƙafar na madarar gwangwanin da ake sayarwa a kemis ba. A sayi kaɗan, a juye a roba mai murfi, a fara da rabin kofi don waken suya kan kumbura ciki da farko. Mai ciwon ƙoda kada a ƙara masa furotin sai likita ya yarda. Wanda babu sukari kuwa sai an gaya wa Hajiya tun ana gobe, domin daban take niƙa shi.