Na'urar ɗumama ruwa mai gas a sanyin Ngaundere: daɗinta da rigimarta

Mutumin Garwa ko Marwa zai yi dariya in ya ji an kashe kuɗi kan na'urar ɗumama ruwa, su da famfo ke ba su ruwan zafi kyauta. Ngaundere kuwa tudu ce, ta haura mita 1,000 sama da teku, kuma a Disamba da Janairu ruwan da ya kwana a tanki ba ya taɓuwa da asuba. Don Inna na saya. Tsufa ya kama ta, ga shi ba ta yarda a tashi yara hura gawayi kafin kiran salla.

Irin ta bango ce, wadda masu shago ke kira shofo, mai ba da lita 10 a minti. Ba ta ajiye ruwa, ba ruwanta da wutar lantarki, manyan batura biyu ne ke kunna ta. Ka buɗe famfo, ka ji ƙas-ƙas-ƙas, wuta ta kama, ruwa ya zubo da ɗumi. Ko an ɗauke wuta Inna za ta yi alwalarta, kuma a nan ta biya ni kuɗina. Gas dai tana sha. Tukunya mai kilo 12.5, wadda farashinta na hukuma sefa 6,500 ne, ba ta jimawa in an haɗa da girki, shi ya sa na ware mata tata.

A hunturu na biyu ta fara gardama. Wani lokaci ta yi shiru kamar ba a buɗe famfo ba, wani lokaci ta kama ta mutu mutum na tsaka da sabulu. Mai gyara na farko ko murfinta bai buɗe ba ya yanke hukunci: ƙwaƙwalwarta ta ƙone, sai an aiko daga Duwala. Na sallame shi da kuɗin mashin.

Na biyun dattijo ne mai aikin famfo daga Sabongari, kuma aikinsa ne ya sa nake wannan rubutu. Daga abu mai araha ya fara. Ya sauya batura, ya jijjiga tukunyar gas, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo ko kumfa zai taso. Sannan ya buɗe famfo ya tsaya yana kallon zubar ruwan.

"Alhaji, gas ɗinka lafiya lau," in ji shi. "Ruwanka ne ba shi da ƙarfi."

Na ce, "Malam, me ya haɗa ruwa da kunna wuta?"

Ashe ruwan ne ke ba da umarni. A cikinta akwai wani faifan roba. Idan ruwa ya shigo da ƙarfi sai ya tura faifan, shi kuma ya buɗe hanyar gas ya taɓa makunni. In ƙarfin ya gaza, komai na nan lafiya amma ba abin da zai motsa. Ƙarfin ruwan tanki kuwa daga tsayinsa yake zuwa, kowace mita 10 tana ba da kusan bar 1 a ma'aunin ƙarfin ruwa, nawa tankin ko rabin haka bai kai ba. Da ma a kan gaɓa take aiki. Da jar ƙasar garin nan ta toshe 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa, shi ke nan. Ya ciro rariyar ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya sauya faifan da ya riga ya bushe. Mutuwar da take yi a tsakiyar wanka kuma ƙurar hunturu ce ta lulluɓe tsinken da ke jin wuta, sai na'urar ta ɗauka wutar ta mutu ta rufe gas. Gogewa kawai ya yi.

Abu biyu ya ja mini kunne a kai. Kan tukunya, wato abin da ke daidaita ƙarfin gas, ya zama irin na gida, mai miliba 28, kada a sa mata irin na masu suya da ake murɗawa. Harshen wutar kuma ya zama shuɗi. In ya koma rawaya yana baƙin hayaƙi, to tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Ya ce ko nawa za a ba shi ba ya kafa ta a cikin rufaffen banɗaki. Tamu a baranda take, da bututun hayaƙi.

Har yanzu akwai abin da ke ba ni haushi. Da an buɗe famfon kicin, mai wanka zai ji ruwa ya sauya, ko wutar ta ɗauke. Kayan gyaranta ma sai an sha yawo a kasuwa. Duk da haka zan sake saya, amma mai gajeren tanki ya lissafa da kuɗin ƙaramin injin tura ruwa, kuma kafin ya biya ya sa mai shago ya nuna masa faifan robar da zai sauya in wannan ya mutu.